Hannun Malam Illo

Jiya a wurin aikinmu na gyaran famfo a Dogon Dutsi, ina nuna wa sababbin ma'aikata gajerun bidiyon koyon aiki da shugabanmu, marigayi Malam Illo, ya bari, sai ga ɗiyarsa ta yi sallama.

"Kawu, an ce kuna da hoton Baba. Mu ko ɗaya ba mu da shi."

Malam bai yarda da hoto ba. Da ƙyar ya bari muka ɗauki hannuwansa kawai, yana kwance famfo.

Na miƙa mata wayar. Sau uku ta kalla.

"Hannunsa ne, ga tabon ƙunar nan. Turo mini, Inna ta gani."

Allah ya jiƙan Malam. Ku fa, me ya rage muku na iyayenku?