Ranar da Kawu Ya Kai Goro Ofishin 'Yan Japan

Na fara ganinta ne a tashar jirgin ƙasa ta Edmonton, wata safiya ana yayyafi. 'Yar siririya ce cikin baƙar kwat, ta kara waya a kunne, tana magana ƙasa-ƙasa tana sunkuyawa. Ta sunkuya ta ɗago, ta sake sunkuyawa, alhali babu kowa a gabanta sai kwandon shara. Da ta kashe wayar sai ta rungume ta a ƙirji, ta lumshe ido, ta sauke doguwar ajiyar zuciya.

Ni kuwa nan take na gama karanta labarin. Da littattafan soyayya na tashi, irin waɗanda muke haya a shagon bakin kasuwa mu ɓoye a cikin littafin lissafi, kuma a cikinsu mace ba ta sauke irin wannan ajiyar zuciya sai in akwai wani a ranta. Kafin jirgi ya iso har na zana mata saurayin, dogo, mai shiru-shiru, wanda iyayensa suka ƙi.

Ashe ita ce sabuwar da ta kama ɗakin da ke kusa da nawa a flat ɗin da muke haya. 'Yar Japan ce, tana aiki a reshen London na wani kamfanin ƙasarsu mai sayar da kayan injina. Ni a lokacin ina zuba abinci a kantin wata kwaleji a Bloomsbury. Ƙamshin daddawa ne ya haɗa mu. Wata Asabar ina kaɗa miyar kuka ta shigo kicin tana shinshina iska, ta ce su ma suna da waken da ake ruɓarwa mai irin wannan warin, kuma ta yi kewarsa. Na zuba mata. Ta cinye tuwon tas da cokali, daga ranar muka zama ƙawaye.

Na ci gaba da sa mata ido. Tana riga kowa fita, kowa yana riga ta dawowa. Ko ranar Lahadi wayar nan ta yi ƙara sai ta miƙe tsaye kafin ta ɗauka. Da abin ya ishe ni, wata rana muna wanke-wanke na dafa kafaɗarta.

"Ƙawata, ki faɗa mini tsakani da Allah, wane ne shi?"

"Wa fa?"

"Wanda ya hana ki sukuni. Mai kiran nan."

"Manajana ne."

Na tafa hannu har kumfa ya fantsama. "Na sani! Maigida da ma'aikaciyarsa! Wallahi na karanta irinsa, a ƙarshe aure ake yi."

Ta dube ni, sai ta fashe da dariya har ta zauna a kan kujera tana share hawaye. "Ya girmi babana," in ji ta. "Kuma tunda na fara aiki bai taɓa tambayata ko na ci abinci ba. Ke dai littattafan nan sun gama da ke."

Na ji kunya, amma a ranar ta fara ba ni ainihin labarin. Ta ce a ofishinsu, ko da yake a London yake, ba a tashi sai manaja ya tashi. Ko ka gama aikinka, sai ka zauna kana motsa takardu, don fita kafin babba rashin kunya ne. Hutun da doka ta ba ka ma in ka ɗauka, sai ka dawo da tsaraba kana ba abokan aiki haƙuri. In baƙi suka zo, ita ce mai kawo shayi, duk da ta fi rabin mazan wurin karatu.

Ina da kawu a Old Kent Road, ƙanin mahaifiyata, direban bas ne. Duk Lahadi nakan je gidansa cin shinkafa da wake, sai na fara tafiya da ita. Kawu kuwa babu ƙasar da yake so a duniya kamar Japan. Da ya ji daga inda take, har ya sa aka fito da farantan baƙi.

"'Yata, ku ne mutane," in ji shi. "Ba ku da mai, ba ku da zinariya, amma duk motar da ta yi ƙarko a Kano taku ce. Jirginku ba ya latti. Ministanku in ya yi kuskure sai ya fito ya sunkuya ya ajiye muƙami. Mu namu ko an kama shi da akuya a kafaɗa cewa zai yi rakiya ya yi mata."

"Kawu," ta ce, don tun ranar farko ta ɗauki sunan a bakina, "wanda ya sunkuya ɗin yana tafiya, sai a kawo ɗan wani tsohon minista a ɗora. Fuskoki ne kawai suke canzawa. Kuma jirgin da ba ya latti, mutum ne yake kwana a wurin aiki don kada ya yi lattin."

"Ai aiki shi ne mutum."

"Babana ya yi wa kamfani ɗaya aiki duk rayuwarsa. Na fi sanin bayan kwat ɗinsa a kan fuskarsa. A garinmu yanzu an rufe makarantar da na yi, babu yara. Tsofaffi ne kawai da gidajen da babu kowa a ciki. Ƙawayena ba sa aure, ba don ba sa so ba, albashi ya tsaya wuri ɗaya, kaya suna tashi, kuma yaushe ma za ka ga mutumin da za ka aura?"

Wannan ta ƙarshen ta taɓa ni. Ƙasa guda babu lokacin soyayya! Kawu ya ce duk da haka a ba shi Japan ya ba da Najeriya har da ciko. Ta ce ta yarda, in dai za a haɗa mata da rana da kuma dariyar mutanenmu. Haka suke yi duk mako, shi yana yabon ƙasarta tana kushewa, ita tana yabon tamu yana kushewa, matar Kawu tana ƙara musu yaji.

Wata Lahadi ta zo ba ta iya cin abinci ba. Da Kawu ya matsa, sai ta faɗa. Ta samu gurbin karatun koyarwa a wata kwaleji a Bloomsbury, abin da take mafarki tun tana yarinya, za a fara da kaka. A daidai lokacin kuma kamfani ya yanke shawarar mayar da ita gida, wani garin masana'antu da ba ta san kowa ba. Ba a tambaye ta ba, don a wurinsu ba a tambaya. In ba ta ajiye aikin kafin lokacin ba, gurbin ya tafi.

"To ki ajiye mana," na ce. "Ki tura masa email, an gama. Nan London ce."

Ta girgiza kai. Malaminta na jami'a ne ya tsaya mata ta samu aikin, kuma malamin abokin babanta ne. In ta fita ta taga, kunyar ba a kanta za ta tsaya ba, sai ta bi layi har ƙofar gidansu. Dole ta tsaya gaban manaja ta faɗa da bakinta, ya kuma sake ta da daɗin rai. Ta sha zuwa bakin ƙofarsa, in ya ɗago kai sai ta ji ta ce, "Ko a kawo shayi?"

"A can gida," ta ƙara da cewa, "har kamfanoni ake da su yanzu. Ka biya su, su buga wa maigidanka waya su ce ka bar aiki, don kai ba za ka iya ba."

Kawu ya ajiye cokali. "Da kuɗi?"

"Da kuɗi."

"Don a je a yi wa mutum magana? Ku ba ku da kawunnai ne?"

Ya gyara zama ya yi mata bayani. A wurinmu yaron da ya koyi sana'a a hannun ubangida ba ya tashi da kansa ya ce na tafi. Babba ne daga gidansu yake ɗaukar goro, ya je ya yi godiya, ya roƙi a sallami yaro a sa masa albarka. Ubangida ya fita da girmansa, yaro ya fita da mutuncinsa. "Ranar Juma'a ina off," in ji shi. "Ki yi mana booking."

Ranar Juma'a bayan masallaci muka shiga tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, Kawu cikin babbar riga ruwan ƙasa mai aiki har ciki, da hula zanna, da goro fari da ja a cikin kwano an lulluɓe da farin ƙyalle. Ni ina biye da ledar dabino, gabana yana faɗuwa kamar ni za a nema wa aure. Ofishin yana hawa na sama, shiru kamar asibiti. Ƙawata ta tarbe mu fuskarta fara fat, ta kai mu ɗakin taro mai bangon gilashi.

Manajan ya shigo, gajere mai furfura, ya sunkuya. Kawu ya russuna. Manaja ya ga baƙo ya fi shi yin ƙasa, sai ya ƙara sunkuyawa. Kawu ya ga dattijo yana neman fin sa ladabi, sai ya kai gwiwa ƙasa. Na kawar da kai don kada dariya ta kuɓuce mini.

Kawu ya fara da gaisuwa, da Turancinsa na direban bas. Ya tambayi lafiyar manaja, da iyali, da gajiya, da sanyi, da mutanen Japan baki ɗaya. Ya yabi motocinsu. Sannan ya buɗe goro ya tura gabansa, ya ce shi ne uban yarinyar nan a garin nan, ya zo godiya ne bisa riƙon da aka yi mata. Ta zo ba ta san komai ba, yanzu ta zama mutum, kuma duk aikin manaja ne. Abin da ya rage, a sallame ta ta je ta koyar da yara, duk yaron da ta koya wa karatu manaja yana da lada.

Manaja ya ja iska ta haƙora, ya karkatar da kai. "Abin zai ɗan yi wuya," ya ce.

Kawu ya juyo gare ni da Hausa. "Kin ji? Irin 'sai mun duba' ɗinmu ce. A'a yake nufi." Ya juya ga manaja da murmushi. "Babu komai, ranka ya daɗe. Ba ma sauri."

Ya kuwa gyara riga ya zauna daram. Aka kawo shayi ya sha. Ya ba da labarin fasinjojinsa. La'asar ta yi, ya nemi izini ya shimfiɗa darduma a kusurwa ya yi salla, manaja yana zaune a miƙe kamar sanda. Lokacin tashi ya yi ya wuce. A nan na lura da abin da ke faruwa ta cikin gilashi. Manaja ba zai iya tashi ya bar baƙo dattijo ba, ma'aikata kuma ba za su iya tashi su bar manaja ba. Ofis guda cur, yammacin Juma'a, kowa yana motsa takardu yana satar kallon babbar rigar Kawu. Shi kuwa ya ɓare goro yana tauna a hankali.

Can ya dubi ƙawata, wadda tunda ta kawo shayin take tsaye a bakin ƙofa da tire a hannu. "'Yata, bakin wakili ya ƙare. Ajiye tiren nan. Saura naki."

Ta ajiye. Ta tako har gaban teburin. Ta yi magana da harshensu, ban ji ko kalma ɗaya ba, sai dai na ga ba ta sunkuyar da kai ba har ta gama. A duk littattafan da na karanta ban taɓa cin karo da jarumar da ta yi mini kyau kamar yadda ta yi a lokacin ba.

Manaja ya dubi kwanon. Sannan ya ɗauki jan goro ɗaya ya gatsa. Ɗacin ya murɗe masa fuska, amma ya daure ya haɗiye. Ya miƙe, ya sunkuya mata, ita ba Kawu ba. Daga baya ta gaya mini abin da ya ce: shi da kansa zai kira malaminta ya shaida masa cewa kamfani ne ya sake ta da godiya.

Da muka fito titi Kawu ya ɗaga hannu sama kamar wanda ya ci dambe. Ni na rangaɗa guɗa a tsakiyar masu kwat, wata tsohuwar Baturiya har ta tsaya ta tafa mana ba tare da ta san dalili ba. Ƙawata tana dariya tana kuka, ta ce yunwa take ji, a kai ta inda ake sayar da tsire.

Ta yi karatunta, ta koyar a wata firamare a arewacin London na 'yan shekaru, sannan ta koma gida da ƙafarta, ba wanda ya tura ta. Ta zauna a garinsu na tsofaffi, ta buɗe ajin yamma a tsohon ginin makarantarsu don 'ya'yan baƙin da suka zo aikin gona da jinyar tsofaffi. Da zaɓen majalisar gari ya zo ta tsaya takara, ta bi gida-gida a kan keke, ta ci. Ta turo mini hoton ranar rantsuwa, tana tsakiyar dattawa masu furfura da ɗan da ta haifa bayan komawarta goye a gaba, ita kaɗai ce mace a layin.