Hon ɗin Baba Iliya bai tashi ba yau

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Baba Iliya direba ya rasu.

Da safen nan labarin ya iske ni, ina tsaye a layin ruwa a hostel da bokiti a hannu. Inna ce ta kira daga gida. Ta ce bayan sallar Asuba ya ce ƙirjinsa ya riƙe, kafin a samo motar asibiti rai ya yi halinsa.



Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne direban bas ɗin makarantarmu ta 'yan mata, can wajen Minjibir. Shi ya yi ta jigilata tun ina JSS 1 har na gama, yanzu kuma ƙanwata Nana ce a hannunsa.

Duk wadda ta shiga motar nan ta san kowane ƙauye da hon ɗinsa. Namu gajere biyu ne, sannan dogo ɗaya. Motar ba ta da tsayayyen lokaci, sai yadda injin ya tashi da yadda hanya ta kwana, don haka ba agogo muke dubawa ba, kunne muke kasawa. Da an ji shi sai gida ya rikice, wannan na neman takalmi, waccan na neman hijabi, Inna na ta faɗa.

A gindin tsamiyar ƙofar gidanmu yake tsayawa. Inna ta aika masa kunu a wani kofin silba da ba mai taɓa shi sai shi. Ya shanye, ya miƙo kofin ta taga, ya ce a gaya wa Inna yau tsamiyar ta yi yawa. Kullum sai ya samo abin da ya yi yawa, kuma kullum sai ya shanye tas.

Ni ce sarkin makara. Sunan da ya sa min Hajiya Sai-an-jira, kuma har na gama makaranta sunan bai bar ni ba. Amma ko sau ɗaya bai tafi ya bar ni ba.

To, bara bayan damina aka canza hanya.

Zaizaya ta cinye hanyar da ke shigowa ƙauyenmu, ga shi an ƙaro ɗalibai daga wasu ƙauyukan can gaba. Kwamitin makaranta ya zauna, aka soke tsayawa a gindin tsamiya, aka ce yaranmu su riƙa fitowa bakin titi. Ban ce mugunta suka yi ba, mota ɗaya ce, yara sun yi yawa. Amma ranar na yi masifa a group ɗin tsofaffin ɗalibai har sai da aka yi ta ba ni haƙuri.

Don Nana sikila ce.

Tafiyar ƙasa daga gida zuwa titi, a cikin raɓa, sannan ta tsaya a sanyin safiya tana jiran motar da ba a san lokacin zuwanta ba? Satin farko ma bai ƙare ba muka kwana da ita a asibiti. Da aka sallamo ta Babanmu ya ce magana ta ƙare, ba zai rasa 'ya saboda boko ba. Ita kuwa shekara ɗaya ta rage mata ta zana jarrabawar ƙarshe. Ta yi kuka har muryarta ta dishe.

Ran Juma'a bayan masallaci sai ga Baba Iliya a kan kekensa. Ba wanda ya kira shi, kujerarta ya gani babu kowa. Ya sa aka kira Kawu Hadi, ƙanin Babanmu, wanda gonarsa ke bakin titi, kullum da safe yana fita da amalanken shanu. Suka zauna su uku a tabarma.

Baba Iliya ya ce wa Babanmu, “Alhaji, an hana ni shigowa, amma ba a hana ni danna hon ba. Ta mararrabarku nake wucewa in je ɗauko yaran can gaba, ta nan kuma nake dawowa. In na zo wucewa zan danna naku. Hadi ya ɗora ta a amalanke su taho a hankali. Kafin su iso na juyo. Ba tafiya, ba tsayuwa.”

Babanmu ya ce, “Za a jiyo daga titi?”

Ya ce, “In ba a ji ba, a canza min suna.”

Aka kuwa ji. Da sassafe, kafin injin niƙa ya tashi, yana ratso gonakin dawa har tsakar gidanmu, siriri amma ba ka ɓata shi. Nana ta koma makaranta a kan amalanke, lulluɓe da bargo, ƙawayenta na tsokanarta wai amarya. Kujerar bayansa ya ware mata, inda gilashin ke rufuwa.

Abin da ke cin raina, tun daga lokacin muka daina ganinsa. Mutumin da kullum yake ƙofar gidanmu ya koma sai dai mu ji shi daga nesa. Inna takan ce, “Ga Malam Iliya can ya wuce,” ta ci gaba da damunta. Muna ta cewa in an gyara hanya, in an gyara hanya.

Ganina da shi na ƙarshe, da na je gida hutun da ya wuce ne, lokacin makarantar su Nana ba ta rufe ba. Na bi su Nana a amalanke don kawai in gaishe shi. Ya rame, furfura ta cika masa gemu, amma bakin yana nan.

“A'a! Hajiya Sai-an-jira, yau ke ke jirana? Lallai duniya ta zo ƙarshe.”

Na ce, “Baba, ka rame fa.”

Ya ce, “Rashin kunun Inna ne. Ki ce ta ajiye min kofina, kar ta ba kowa. Hanyar nan za ta dawo.”

Bai ko kashe mota ba, yara na ciki, lokaci na tafiya. Iyakar hirarmu ke nan. Da na san ita ce ta ƙarshe, da na shiga motar nan na bi shi har makaranta.

Kofin yana nan a rataye a ɗakin Inna.

Yau da safe, in ji Inna, Nana ta shirya tsaf ta zauna a zaure da bargonta. Kawu ya ɗaura wa shanu amalanke. Suka yi ta saurare har rana ta ɗaga, har injin niƙa ya tashi. Nana na cewa a yi shiru, wataƙila iska ce ta juya. Sai wani mai babur ya shigo da labarin.

Allah Ya jiƙan Baba Iliya. Allah Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Yadda ya jira 'ya'yan mutane bai ƙosa ba, Allah Ya dubi bayansa, Ya ba iyalinsa haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a, ko da Ƙulhuwallahu ce ƙafa ɗaya.

Sannan ina roƙon alfarma. Na san za a kawo sabon direba, za a nuna masa inda zai tsaya. Ba wanda zai gaya masa wannan, don ba a rubuce yake ba. Duk wanda ya san shi ya isar min da saƙo: in ya zo mararrabar ƙauyenmu zai wuce da safe, ya danna gajere biyu, dogo ɗaya. Jarrabawa ta kusa, kuma akwai yarinya a zaure tana saurare.