Ranar da Na Tashi Jirgina Ni Kaɗai

Shekarata goma sha ɗaya a Dubai ina tura wa 'yan kasuwar Kano kaya a kwantena kafin na sayi jirgin. Ofishinmu yana Port Saeed, ɗaki ɗaya, ni da abokin sana'ata, wani mutumin Maraɗi. Shi ya fara kai ni wani ƙaramin filin jirgi a cikin sahara, tafiyar awa guda daga gidana a Al Qusais, wai mu je kallo. A can na gan shi: kujera biyu gefe da gefe, farfela a gaba, fukafukan an lulluɓe su da yadi mai kauri kamar tamfol. Mutum ɗaya yana iya tura shi da hannu. Mai shi zai koma ƙasarsu, yana neman mai saye. Sati uku ina kai da komowa, daga ƙarshe na saya.

Da na nuna wa matata hotonsa a waya, ta daɗe tana kallo.

"Alhaji, wannan ai adaidaita sahu ce aka sa wa fiffike," ta ce. "A ciki za ka zauna?"

Na yi dariya, amma a lokacin ne tsoro ya fara kama ni. Kafin in saya sha'awa ce zalla. Da ya zama nawa sai na fara lura da ƙanƙantar ƙusoshin da ke riƙe da fiffiken.

Wata biyar ina koyo. Malamina wani dattijon Balarabe ne da ya yi ritaya daga tuƙin manyan jirage, ba shi da yawan magana. Bayan sallar asuba muke fita, domin da rana ta gasa rairayi iska takan riƙa jefa jirgin sama da ƙasa. Duk tashin da muka yi, idona yana kan hannunsa. Muddin hannun nan yana kusa da sandar tuƙi, ina iya numfashi.

Wata Asabar muka yi zagaye uku muka sauka. Ina shirin kashe inji sai ya buɗe ƙofarsa ya fita, ya ɗaure bel ɗin kujerarsa a kan kujerar da babu kowa.

"Yalla. Zagaye ɗaya, ka dawo."

"Ustaz, yau?"

"Yau."

Ya rufe ƙofa ya juya. Na so in kira shi, kunya ta hana ni, don abokina yana tsaye bakin rumfar ajiye jirage yana kallo.

Da babu nauyin malam, jirgin ya yi tsalle ya bar ƙasa tun kafin in shirya. Na yi zagayen, na miƙo zan sauka, sai na ga na yi sama da yawa, rabin titin saukar ya riga ya wuce ƙarƙashina. Na tura wa injin mai na sake hawa, kamar yadda aka koya min. Nan na yi kuskure. Saboda ruɗewa na daɗe ban juya ba, kuma hazon da ke tasowa daga teku ya fara rufe ƙasa. Da na waiwaya ban ga filin ba.

Ko'ina tudun rairayi ne, launi ɗaya. Na karkata dama, babu. Na karkata hagu, babu. Na ji kamar ƙarar injin ta canja, na dubi ma'aunai, allurai suna inda suke, amma kunnena bai yarda da su ba. Tsakanina da ƙasa babu komai sai ɗan siririn falanki, ina jin rawarsa a tafin ƙafata. Na tuna mahaifiyata a Kano ba ta ma san na sayi wannan abu ba, sai dai a buga mata waya a yi mata bayani biyu a lokaci ɗaya. Na kama salati, ina yi ina sarƙewa.

Muryar malam ta shigo ta rediyo: "Ina kake?"

Na yi ta magana bai ji ni ba, ashe ban danna maɓallin ba. Da na danna, abin da ya fito kawai shi ne, "Ban ga fili ba."

"Shwayya shwayya, a hankali. Kada ka nemi fili. Nemi turakun wutar lantarki, manyan nan. Ka gan su?"

Na leƙa. Can gefen dama na hango su a jere, sun ratsa rairayi.

"Na gani."

"Sa su a hagunka ka bi su, rana a bayanka. Kada ka yi komai ban da wannan."

Na bi su, ina ƙirga turaku don kada hankalina ya tafi wani wuri. A na goma sha wani abu na hango farin kwanon rumfar. Saukar ba ta yi kyau ba. Taya ta daki ƙasa, jirgin ya yi sama, ya sake duka, sannan ya zauna. Na kashe inji, na ci gaba da zama a ciki. Abokina ya buɗe ƙofar.

"Ça va, Alhaji? Lafiya dai?"

Shi ya kwance min bel. Malam ya zagaya jirgin ya duba tayoyi, ya ce lafiyarsu lau. Ya ce ban kai minti ashirin a sama ba.

A mota na ce wa abokina ya nemo mai saye. Da la'asar malam ya kira ni.

"Gobe bayan asuba ka zo. In ka kwana uku ba ka hau ba, ba za ka ƙara hawa ba."

Na faɗa wa matata duk abin da ya faru, ban rage komai ba. Ta ce in har zan je, to ita ma za ta bi ni, ta gaji da jiran waya. Washegari muka tafi tare. Na zagaya bayan rumfa na yi amai, na kurkure baki, na hau. Ita ta zauna a mota da carbi a hannu, ta juya wa titin baya har na sauka.

Shekara uku ke nan, jirgin yana nan ban sayar ba. Har yanzu duk ranar da zan tashi ba na iya karyawa sai na dawo ƙasa.