Alhaji ?Mai Gaskiya?

Ko zan manta da komai game da zaɓen ƙungiyar 'yan shinkafa da aka yi a kasuwar Lolo, ba zan taɓa mantawa da fastar taubashina ba. Ɗan kawuna ne, ya girme ni nesa ba kusa ba, amma tunda wasan taubasai ya halatta mini shi, ban taɓa raga masa ba. Mutum ne mai son girma. Laƙabinsa a kasuwa Mai Gaskiya, don ba ya tauye mudu, kuma yana ji da sunan nan fiye da yadda yake ji da alhazancinsa.

Da ya fito neman shugabancin ƙungiyar, sai ya ce fasta zai buga kamar ɗan majalisa. Na ce ya kawo in rubuta masa, tunda ni malamar makaranta ce. Ya ce Allah ya tsare shi da miƙa sunansa a hannun taubashiya. Da kansa ya rubuta a sabuwar wayarsa, ya sa laƙabin tsakanin 'yan alamomin nan biyu-biyu da ake rufe zance da su, wai don ya fito sosai. Ya tura wa wani mai buga takardu a tsallaken iyaka, cikin Benin, don an ce kalarsa ta fi kyau. Shi kuwa mutumin yaren Dendi da Faransanci yake ji, abin da ya gani kawai ya buga.

Fastocin sun iso Alhaji yana garin Zagga sayen shanshera, wato shinkafa mai ɓawo, magoya bayansa suka bi kasuwa suka manna. Da na shigo ranar kasuwa, wadda ita ce ranar zaɓen, sai ga hotonsa cikin babbar riga yana murmushi, a ƙasa an rubuta ɓaro-ɓaro: Alhaji ?Mai Gaskiya? Alamar tambaya gaba, alamar tambaya baya. Wallahi sai da na dafa rumfar mai albasa saboda dariya.

Daga baya na fahimci abin da ya faru. Ashe kwamfuta ba ta ganin alama, lamba take gani, kowace alama da tata. Alamar zance miƙaƙƙiya tsohuwa ce, kowace na'ura ta san lambarta. Amma wayar Alhaji 'yar gayu ce, sai ta sa lanƙwasassu, su kuma lambarsu daban. Tsohuwar kwamfutar mutumin ba ta san su ba, kuma duk abin da ba ta sani ba alamar tambaya take ajiyewa a gurbinsa.

A ranar dai na tarar da Alhaji yana sauka daga mota, na ja murya sama na ce, "Sannu da hanya, Mai Gaskiya?"

"Ke, mi na haka? Wace irin gaisuwa ta wagga?"

"Ba ni nit tambaya ba, Alhaji. Hwastarka ta ka tambaya."

Da ya ga takardar, fuskarsa ta canza, nan take na ji tausayinsa ya kama ni. Mutanen abokin hamayyarsa sun riga sun taru suna karantawa da ƙarfi, suna cewa ko na'urar Benin ma tana shakka. Na ba shi shawara a yayyage su. Sai ya hau kan buhu ya ɗaga fasta ɗaya.

"Jama'a, takarda ta yi tambaya, to ku amsa mata. Duk wanda nit taɓa tauye ma mudu, shi hito nan shi hwaɗi."

Aka dubi juna, ba wanda ya motsa. Ni kuwa shaiɗan ya zuga ni na yi gyaran murya, ya harare ni, na ce ƙaiƙayin shinkafa ne. Wata tsohuwa mai sayar da tuwo ta ce, "Ɗan nan, sauko. Tun kana ƙarami nike awo wurinka." Da yamma aka yi zaɓen ta ɗaga hannu, ya ci.

Har yau idan na gaishe shi sai na ja muryar nan sama, shi kuma ya ce, "An amsa miki a Lolo." Abin da na koya shi ne, abin da ka rubuta ba lallai shi zai isa inda ka aika ba. Ranar da na'ura ta sa wa sunanka alamar tambaya, mutanen da ka yi hulɗa da su ne kaɗai za su iya goge ta.