Layin Alhaji a Saman Jeri

A shekarun da nake zaune a Birnin Kudu ina gyaran intanet, akwai wani Alhaji mai motocin haya da ya buɗe cibiyar kwamfuta a Gwaram, inda ake zana jarrabawa ta intanet. Ni na haɗa masa suwic, akwatin nan da ke raba intanet zuwa kowace kwamfuta, na kuma rubuta masa jerin izini. Shi jerin nan daga sama suwic ke karanta shi, layin da ya fara dacewa da kai shi ne hukuncinka, ba ya ƙara duba na ƙasa. Don haka na sa hanin kallon bidiyo a layin farko. Layin izinin ofishin Alhaji yana can ƙasa, domin ta nan wayoyin 'yan uwa da surukai da maƙwabta suke shan waifai, wato intanet mara waya.

Mai kula da cibiyar wani Malam ne, dattijo mai ladabi har ya yi yawa, wanda ya taɓa yin kwas na 'yan makonni a Kano. Alhaji ya ce in ba Malam kalmar sirrin shiga suwic ɗin saboda tsaro. Raina bai so ba, amma na bayar. Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Ranar wata jarrabawar shiga makarantar koyon jinya, ina shagona na buɗe allon da ke nuna mini zirga-zirgar layin Gwaram. Ya cika maƙil, kuma duk lodin daga ofishin Alhaji yake fitowa, bidiyo ake ta kallo. Kwamfutocin masu jarrabawa ko motsi ba sa yi. Na yi ta ƙoƙarin shiga suwic ɗin daga nesa, cunkoso yana yanke ni. Sai na kira Malam.

"Malam, ka taɓa jerin nan?"

"Ɗan gyara ne kawai," in ji shi. "Na ga ka fara da hani, ka jefa Alhaji can ƙasa kamar ɗan haya. Ai bai dace ba. Na mayar da shi sama."

Na ce, "Inna lillahi! To shiga ofishin ka zare wayar da ke jikin na'urar waifai. Yanzu-yanzu!"

"Haba, Injiniya. Alhaji yana ciki da baƙi daga Kano. Wa zai keta manya ya zare musu waya?"

Na kira Alhaji sau uku, bai ɗauka ba, shi ma ladabin baƙi yake yi. Na saɓi jakata na nufi tasha. Direba ya ce saura mutum biyu mota ta cika. Na zauna ina tafasa, har aka samu wani mai buhun riɗi da wata tsohuwa. A hanya kuma sai da aka tsaya aka sauke buhun, aka yi gaisuwa, aka tambayi lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya.

Da na isa ko sallama ban tsaya yi ba. Na soka wayar kwamfutata a jikin suwic, na mayar da hanin sama. Aikin bai kai minti biyu ba. Nan take layi ya saki, sai dai agogon jarrabawa ba a Gwaram yake ba, yana can hannun masu shirya ta, kuma lokaci ya riga ya cika. Malam yana bayana yana cewa, "Allah bai yi ba." Na juya na ce masa kada ya kuskura ya jingina wa Allah wannan. Ban taɓa ɗaga wa sa'an mahaifina murya ba sai ranar, kuma ban yi nadama ba.

Masu jarrabawa suka fara fita shiru. Wata mata ce kaɗai ba ta tashi ba. Daga Basirka mijinta ya kawo ta a babur, yana waje a gindin bishiya riƙe da jaririyarsu. Allonta ya tsaya a tambaya ta goma sha biyu.

"Injiniya, an gyara?" in ji ta. "In ci gaba?"

Na ce mata an rufe, sai baɗi.

Ta nuna allon da yatsa. Sannan ta ce, "Na san amsar wannan fa."