Allon da Na Yi wa Zayyanar Baba

Mahaifina mai zayyana ne. A zaurenmu na Kusfa yake zama, a kawo masa shadda an riga an yanka, ya shimfiɗa ta a cinyarsa, ya tsoma alƙalamin kara a tawada ya fitar da zanen da maɗinki zai bi da allura: aska takwas, aska biyu, tambari, da waɗansu da shi ya ƙirƙiro bai ma sa musu suna ba. Ba ya zane a takarda. Tawada na bushewa maɗinki zai naɗe riga ya tafi da ita, zare ya hau kan layin ya rufe shi, wankin farko kuma ya tafi da abin da ya rage. Tun ina ƙarama abin ke damuna. Sai in ga kamar mutum ne yake ta magana mai daɗi a ɗakin da babu kowa.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a a Samaru idanunsa suka fara rauni. Yakan ɗago ƙyalle har ya kusa taɓa hancinsa kafin ya ja layi. A lokacin na yanke shawara aikina na kammala karatu zai zama tattara zayyanarsa, kafin hannun ya tsaya.

Matsalar ita ce ina kwana a makaranta, shi kuma kullum riguna na fita daga zaure. Sai na buɗe masa folda a ma'ajiyar intanet, na ɗora ta a fuskar wayarsa inda yatsansa zai same ta ba wahala. A kwamfutata kuma ina da wani allo na intanet, fari fat, wanda ake liƙa hotuna a kansa, a ja kibiya daga wannan zuwa wancan, a yi rubutu a gefe. Na yi mako biyu ina fama kafin na haɗa su da ƙa'ida guda: duk hoton da ya shiga folda, ya bayyana a allo da kansa, da kwanan wata a ƙarƙashinsa.

Ranar da na gwada masa, ya daɗe yana duban wayar. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa ba ya kiran sunana.

"Mamana, yanzu in na ɗauka a nan, sai ya same ki a Samaru?"

"Kafin ka ajiye wayar ma, Baba."

"To wa ke kaiwa?"

"Ba kowa."

"Aike ba ɗan aike," ya ce, yana girgiza kai. "Allah ya sa dai ba ya tsayawa hira a hanya."

Watannin da suka biyo baya su ne mafi daɗi a karatuna. Ina zaune a aji sai in ga sabon zane ya faɗo kan allo, wani lokaci da babban yatsansa a gefen hoton, baƙi da tawada. Nan zan san ya karya kumallo, ya fito zaure, yana lafiya. Da yamma in kira shi, ya yi mini bayani, ni kuma in rubuta a gefen kowane hoto abin da ya faɗa.

Wata rana ya kira ni ana tsakiyar darasi. Na fita da sauri na amsa.

"Cire na jiya," ya ce.

"Baba, ai ya yi kyau."

"A idon ɗaliba. Hannuna ya yi rawa a wajen wuya. Ban yarda malamanki su gani ba."

Na cire. Bayan kwana uku ya sake kira, sannan ya sake. Umma ta ce mini idan ya yi zanen da bai gamsu da shi ba, ko abinci ba ya ci sai ya ji na cire. Don in hutar da shi sai na ƙara ƙa'ida ta biyu: duk abin da aka goge daga folda, ya ɓace daga allo. Ya fi murna da wannan a kan ta farko. Ya ce yanzu ne aikin ya san mutunci.

Ya rasu a ƙarshen damina, bayan jinyar da ba ta kai mako ba.

Ban iya buɗe allon ba. Na san abin da zan tarar, yatsansa a gefen hoto, kuma ban shirya ba. Na rufe kwamfuta na sa a ƙasan akwati, na zauna kusa da Umma tana takaba, muna karɓar masu gaisuwa. Ranar sadakar bakwai na ji tana cewa mun yarda a bai wa Baffa, ƙanen Baba, wayar marigayin, tunda tasa ta lalace. Na ji da kunnena. Na gyaɗa kai ma.

Kwana biyu bayan sadakar arba'in na ce yau zan duba. Allon ya buɗe, rubutuna na nan, kibiyoyina na nan, amma babu hoto ko ɗaya. Kowace kibiya ta tashi daga fili ta sauka a fili. Na ɗauka intanet ne ke ja, na jira. Sannan na shiga folda, babu komai. Na shiga kwandon da ake ajiye abin da aka goge, shi ma wayam, don wata guda yake riƙe abu kafin ya zubar.

Washegari na hau keke napep zuwa Tudun Jukun. Na tarar da Baffa a ƙofar gida yana gyara rediyo. Bayan mun gaisa na tambaye shi ko ya ga wata folda a wayar.

"Na ga abubuwa da yawa, amma ban duba ko ɗaya ba," ya ce. "Ummanki ta ce in share komai kafin in fara amfani da ita. Gaskiya ta faɗa. Wayar mamaci sirrinsa ce. Ranar da aka ba ni na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya. Kin san har kau da kai nake yi in na danna? Yayana ne, 'yata. Bai taɓa buɗe mini jakarsa ba yana raye, ba zan leƙa ba don ya kwanta dama."

Idanunsa suka kawo ruwa. Ya tambaye ni ko akwai abin da nake nema a ciki.

"Babu, Baffa. Ka kyauta."

Har yau bai sani ba, Umma ma haka. Ni na rubuta ƙa'idar, ni kuma na gyaɗa kai.

Malamin da ke duba aikina ya ba ni ƙarin lokaci. Na bi maɗinkan Baba a Ƙofar Kibo, su suka nuna mini gidajen da rigunan suka shiga. Dattawa suka yi ta fito mini da su daga adaka, suna ƙanshin turare, na ɗauki hotuna. Da su na kammala karatu. Amma rigar da aka gama hannun maɗinki ce. Inda Baba ya ja layi siriri kamar gashi, zare ya yi kauri, ya cike ƙananan wuraren da yakan bari don zane ya sha iska.

Tsohon allon ban taɓa shi ba. A can gefen dama akwai wani rubutu nawa: "Wannan ne ya ce ya fi so a duk abin da ya zana bana." Na nuna wa maɗinka uku kwanan watan da na rubuta a wurin, kowa ya ambaci riga daban. Na tuna ina tsaye a bakin ɗakin karatu lokacin da ya faɗa mini, ana yayyafi, na maƙale waya a kafaɗa ina rubutawa. Zanen ne na kasa tunawa.