Dodannin Da Na Cire Daga Littafin Yaya

Yayana ne ya kawo wasan gidanmu a Funtua, lokacin da ya dawo daga karatu a Zariya. Can ya ga ɗalibai suna yin irinsa: a zauna a kewaye tebur, mutum ɗaya yana ba da labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda, a jefa ƙwayar ludo a ga ko ka tsira ko dodo ya cinye ka. Yaya ya ce dodannin Turawa ba sa ba shi tsoro ko kaɗan. Sai ya sayi littafin rubutu mai bango baƙi ya cika shi da namu.

Wajen Gwaggo ya samo su, yayar babanmu, wadda take zaune a wani ƙauye bayan Gozaki. Babanmu ya musulunta tun yana saurayi, ita kuwa tana kan addinin kakanninmu har yau. Akwai dodon rijiya, akwai mai zama a kogon kuka, akwai dodon rumbu, wanda yake cin dawa daga ƙasa ya bar saman a cike, mai gida bai sani ba sai tsakiyar damina. Kowanne da abin da yake so, da abin da yake tsoro, da yadda ake korar sa. Shekaru muka yi muna wasan nan duk Lahadi da yamma a zauren gida, mu manya da gemu, muna ihu a kan ƙwayar ludo.

Ni na ɓata abin, ba wani ba. Samarin unguwa suka nuna sha'awa, na ce bari in buga musu shi da kyau a kwamfuta. Ina cikin aikin wani abokina ya leƙa ya ce, "Kai, wannan ai maguzanci ne tsagwaronsa. Ka san bakin mutane." Maganar ta soke ni, don tun muna makarantar firamare ake mana gorin dangin uba. Ranar na cire dodannin Gwaggo kaf, na zuba 'yan fashi da kuraye da macizai. Ban gaya wa Yaya ba, lokacin aiki ya kai shi Malumfashi. Tsohon littafin kuwa na jefa shi saman kwaba a shagona, gara ta yi masa abin da ta saba.

Bara, bayan an gama cire masara, Yaya ya faɗi a banɗaki. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Muka dawo da shi gida Funtua. Ni nake ɗaga shi, ni nake juya shi, ni nake masa wanka, don matarsa ba ta iya ɗaukarsa. Ma'aikaciyar da take zuwa motsa masa jiki ta ce mu riƙa jan shi da abin da ya fi so, wai wani lokaci ta nan harshe yake dawowa. Ta kuma ce kada mu yi sanya, in aka daɗe abin yakan zauna.

Da murnata na kawo masa sabon littafin, na ɗora masa a cinya. Ya riƙa buɗewa da hannun hagu, shafi bayan shafi, har ƙarshe, ya sake dawowa farko. Sai ya ɗago ya dube ni. Ya buga littafin da tafin hannu, ya ture shi ƙasa, ya juya fuska bango. Daga ranar ko kunu sai an yi da gaske yake karɓar cokali biyu.

Na zauna da biro in rubuta abin da na tuna. Wallahi sai sunaye kawai. Ni ɗan wasa ne, a wurin wasa ban taɓa riƙe littafin ba, Yaya ne mai ba da labari. Na kira abokan wasanmu ɗaya bayan ɗaya, wannan ya ce dodon rumbu toka yake tsoro, wancan ya ce a'a, kukan jariri ne, na ukun ya ce in rabu da shi yana kasuwa. Na kashe waya ina zagin su, alhali na san wanda ya cancanci zagin.

Ranar Laraba da sassafe na yi wa Yaya wanka, na hau mota zuwa Gozaki, daga nan na ɗauki ɗan acaɓa. Tun a hanya ya gaya mini shi ba ya kai la'asar a dajin nan, ko nawa zan ba shi. Ban yi musu ba, kowa ya san halin da hanyoyinmu suke ciki.

Na samu Gwaggo a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na gaishe ta, na gaya mata komai, har abin da na yi wa littafin. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Can ta ce, "To, ka kwana. In an ci tuwo zan faɗa maka."

Na ce, "Gwaggo, ba zan iya kwana ba. Babu mai juya shi."

"To ni ba na tatsuniya da rana."

"Ba tatsuniya za ki yi ba, bayani kawai. Dodon rumbu kaɗai ma ya isa."

"Ɗan nan, wa ya gaya maka ana kiran su rana tsaka? Mai yi ɓata yake yi a hanya. Ga dajin da za ka ratsa. In rasa wancan, in rasa ka?"

Na roƙe ta da girman babanmu. Na roƙe ta da abin da take bauta wa, ni da ban taɓa ambatonsa da bakina ba. Da na rasa yadda zan yi, na kama hannunta na shigar da ita ɗaki, na rufe ƙofa, na ciri bargonta na toshe taga, na ce, "Ga shi, dare ya yi." Tana zaune a bakin gado cikin duhun nan ta ce, "Kai ka makance, su ba su makance ba. Cire mini bargo." Na durƙushe a gabanta ina kuka kamar yaron da aka yaye, ɗan acaɓa yana ta danna hon a waje. Ta dafa kaina, amma ba ta faɗa ba. Ta ƙulla mini gyaɗa a leda ta ce in kai masa.

Na ce zan samo mai kwana da Yaya in dawo ranar Asabar. Kafin Asabar hanyar ta ƙara lalacewa, babu ɗan acaɓan da ya yarda ya shiga.

Ran Lahadi da yamma na kasa jurewa. Na jawo kujera gaban gadonsa, na ce masa na je wajen Gwaggo, ta faɗa mini komai. Ya juyo da ido. Na fara zuba ƙarya: wai dodon rumbu yana da ƙafa uku, wai da ruwan tsamiya ake korar sa. Ina cikin yi na ga leɓensa yana rawa, jijiyar wuyansa ta tashi. Ya yi ta kokawa da bakinsa, sannan ya ce, "A'a."

Matarsa ta saki kofin da ke hannunta. Wata biyu ke nan ba mu ji muryarsa ba. Na matsa kusa na ce, "To yaya ne, Yaya? Faɗa mini." Ya buɗe baki, ya rufe, hawaye ya gangaro ta gefen da ya mutu. Amsar tana cikin kansa, ina ganin ta a idonsa, ta ƙi fitowa.

Tun daga nan kullum bayan na yi masa wanka sai in zauna in shirya masa sabuwar ƙarya, in jira kalmar nan guda ɗaya. Wani lokaci sai na yi ƙarya uku kafin ya tanka. Jiya na yi har bakwai, na ba dodon rijiya fukafukai, na ce a talabijin yake kwana. Yaya ya dube ni kawai, bai ce komai ba.